Rukunin Kantuna a Tsakiyar Birni da Gyaran Filayen da ke Kewaye da Shi: Tambayoyi da Amsoshi

Duk lokacin da aka sanar da shirin gina katafaren rukunin kantuna a tsakiyar birni, ko sabunta wanda ya tsufa, hankalin mutane kan karkata ga abin da zai kasance a ciki: yawan shaguna, adadin hawa, da sunayen kamfanonin da za su kama haya. Sai dai yawancin mazauna birni za su riƙa wucewa ta gefen ginin fiye da yadda za su riƙa shigarsa, saboda haka abin da ya fi taɓa rayuwarsu shi ne titi da dandali da mashigun da ke kewaye da shi. Ga amsoshin tambayoyin da aka fi yi game da wannan ɓangare na aikin.

Me ake nufi da filayen jama'a a nan?

Ana nufin duk wurin da mutum zai iya tsayawa ko wucewa ba tare da ya nemi izini ko ya sayi wani abu ba. Wannan ya haɗa da gefen titi inda masu tafiya a ƙasa ke bi, da wuraren tsallaka titi, da dandali, da lambun shaƙatawa, da tashoshin motocin haya, da lungunan da ke haɗa wannan titi da wancan, har da kayan da ke cikinsu kamar benci da fitilu da bishiyoyi da kwandunan shara da magudanan ruwa.

Me ya haɗa mai rukunin kantuna da titin da ba nasa ba?

Abu biyu ne. Na farko, shi ne ke jawo nauyin da titin zai ɗauka. Gini mai ɗaruruwan shaguna yana kawo dubban mutane a kowace rana, da motocinsu, da manyan motocin dakon kaya, da shara, da ruwan saman da ke kwarara daga rufinsa mai faɗi, kuma duk wannan a kan hanyar jama'a yake sauka. Na biyu, shi ne ke cin moriyar abin da birni ya daɗe yana tarawa. Mai zuba jari yana zaɓar tsakiyar birni ne domin a nan hanyoyi suka haɗu, a nan tashoshi suke, a nan mutane suka saba taruwa tun kafin a haife shi. Wanda ya zo ya tarar da wannan jama'a a shirye, ya kafa kasuwancinsa a kanta, adalci ne ya sa hannu wajen gyara wurin da ya tara masa ita. Shi kansa ma riba ce gare shi, domin mai saye ba ya faɗowa daga sama cikin shago; sai ya sauka a tasha, ya tsallaka titi, ya taka gefen hanya kafin ya kai ƙofa, kuma idan wannan 'yar tafiya ta zame masa wahala zai nemi wani wurin.

Me ya sa irin waɗannan gine-gine suka saba juya wa titi baya?

Domin ba a tsakiyar birni aka haifi salon ba. Rufaffen rukunin kantuna irin na zamani ana danganta shi da Victor Gruen, masanin zanen gine-gine haifaffen Vienna da ya yi hijira zuwa Amurka a 1938. Shi ya zana Southdale, wanda aka buɗe a 1956 a garin Edina da ke kusa da Minneapolis. An gina shi ne a bayan gari, a tsakiyar makeken filin ajiye motoci, domin mutanen da ke zuwa da mota, kuma aka sa duk shaguna suna fuskantar ciki, inda ake sarrafa sanyi da ɗumi. A irin wannan wuri bangon waje ba shi da aikin yi, tun da babu mai tafiya a ƙasa da zai wuce ta gefensa. Matsalar ta taso ne da aka ɗauko wannan tsari aka dasa shi a tsakiyar tsofaffin birane, inda kowane gefe na ginin titi ne mai rai. Gruen ya so cibiyoyinsa su zama matattarar al'umma, da gidaje da makarantu da asibitoci a kewaye, amma masu kuɗi suka ɗauki shagunan da filin motocin suka bar sauran. A 1978, a wani jawabi da ya yi a Landan, ya nesanta kansa daga abin da salon ya koma.

Akwai kuma dalili na kasuwanci da bai kamata a ɓoye ba. Mai gini yana so wanda ya shiga ya daɗe a ciki, ya bi ta gaban shaguna masu yawa kafin ya sami mafita, shi ya sa ake rage ƙofofi, a jera manyan kantuna a can ƙarshen kowane zaure. Abin da ke amfanar cikin gini ta wannan fuska shi ne ke tsotse jama'a daga titin waje.

Akwai biranen da suka yi wannan kuskure sannan suka gyara?

Akwai, kuma gyaran ya ci kuɗi da shekaru masu yawa. A Birmingham ta Ingila an buɗe cibiyar Bull Ring a 1964, a daidai lokacin da ake zagaye tsakiyar birnin da babbar hanyar mota. Aka ba motoci saman ƙasa, aka tura masu tafiya a ƙasa cikin hanyoyin ƙarƙashin ƙasa masu duhu da mutane ba sa son bi, har hanyar ta zama tamkar ƙawanya da ta shaƙe tsakiyar birnin. Ba a yi shekara 40 ba aka rushe ginin. Sabon da aka buɗe a 2003 an raba shi gida biyu, aka bar buɗaɗɗiyar hanyar ƙafa a tsakani wadda ke gangarawa zuwa tsohon cocin St Martin da kasuwannin da ke bayansa, ta yadda mai tsaye a babban titin sayayya yana hango hasumiyar cocin kuma ya san inda ya dosa.

A Paris ta Faransa an ɗauke babbar kasuwar kayan abinci ta Les Halles zuwa Rungis a 1969, aka rushe rumfunanta na ƙarfe, aka buɗe rukunin kantuna a 1979 wanda yawancinsa a ƙarƙashin ƙasa yake, a kan wata babbar tashar jiragen ƙasa. Mutane sun yi ta kuka da ruɗanin mashigansa da lambun da ke samansa, wanda aka yanyanka shi lungu-lungu. Sai da birnin ya sake aikin, aka ɗora sabon rufi a 2016, aka shimfiɗa lambun ya zama fili guda, aka sa masa sunan Nelson Mandela.

Toronto ta Kanada ita kuma ta tare matsalar tun kafin a fara. Shirin farko na cibiyar Eaton ya ƙunshi rushe tsohon ginin majalisar birni da cocin Holy Trinity, jama'a suka ƙi, aka sake zane, kuma lokacin da aka buɗe cibiyar a 1977 gine-ginen biyu suna nan daram. Duk da haka gefen da ke kan titin Yonge ya fito da doguwar fuska marar rai, sai daga baya aka buɗe masa shagunan da ke kallon titi.

Idan an baje taswirar aikin, mene ne abu na farko da ya kamata a duba?

A duba hawa na ƙasa, a bi gefen ginin da yatsa tun daga kusurwa ɗaya har a zagayo, ana ƙirga ƙofofi. Hotunan da ake nunawa a taron ƙaddamarwa kusan kullum na babbar ƙofa ne, da rana tsaka, da mutane cikin fara'a. Sauran gefuna uku su ne abin tambaya. Wanda ya taɓa bin bayan irin wannan gini da magariba ya san yadda yake: bango mai tsawon mita ɗari ko fiye babu taga ko ɗaya, ƙofar ƙarfe ta shigar manyan motoci, injinan sanyaya ɗaki suna huro iska mai zafi daidai fuskar mai wucewa, jerin manyan kwandunan shara, da fitila ɗaya a can sama wadda aka kafa domin kyamara. Macen da ta taso daga aiki ita kaɗai, idan ta iso bakin wannan titi, za ta gwammace ta zagaya ta hanya mai nisa, kuma shagunan da ke ɗaya gefen titin za su rasa ta da duk masu irin tunaninta.

Saboda haka ana neman abubuwa uku a taswira. Shagunan da ke bakin titi su kasance da ƙofarsu ta kansu a kan titin, ba tagar talla kawai ba, kuma a rubuta cewa ba za a kulle ta ko a toshe gilashinta da kwali ba, domin sau da yawa ɗan haya kan rufe ƙofar waje don ya rage masu gadi. Tsofaffin hanyoyin da mutane suka saba bi kafin ginin su ci gaba da ratsawa ta cikinsa ko ta gefensa, dare da rana. Sannan wurin sauke kaya da tara shara ya shige cikin ginin ko ƙarƙashinsa, kada a jibge shi a kan titin da ya fi kowanne rauni. Batun hanyar da ke ratsawa shi ne ya fi saurin suɓucewa: idan an haɗiye tsohon titi cikin gini, aka ce ai mutane za su bi ta cikin zaure, to ranar da aka kulle ƙofofi da ƙarfe tara na dare birnin ya rasa titi guda har wayewar gari.

Shin hana motoci bin titunan da ke kewaye shi ne mafita?

Wani lokaci mafita ne, wani lokaci kuma ƙarin matsala. Rotterdam ta buɗe Lijnbaan a 1953, titin sayayya na masu tafiya a ƙasa zalla, a tsakiyar birnin da bama-bamai suka rusa a 1940. Copenhagen ta hana motoci bin Strøget a 1962 duk da fargabar 'yan kasuwa, titin ya bunƙasa, birnin ya ci gaba da faɗaɗa tsarin sannu a hankali. New York ta rufe wani sashe na Broadway a dandalin Times a 2009 a matsayin gwaji, da fenti da kujeru masu arha, da aka ga ya yi kyau aka mayar da shi na dindindin.

Amma garin Kalamazoo na Amurka, da ya rufe babban titinsa a 1959, ya sake buɗe wani sashensa ga motoci a 1998, Fresno kuma da ta rufe nata a 1964 ta mayar da motoci a 2017. Bambancin a fili yake. Inda mutane ke zaune a tsakiyar birni, ko suke zuwa da bas da jirgin ƙasa da keke, cire motoci yana ba taron da ya riga ya wanzu sarari. Inda mazauna suka riga suka ƙaura, kowa kuma da mota yake zuwa, rufe titi ba ya haifar da jama'ar da babu. Shi ya sa ya fi dacewa a fara da gwaji na 'yan watanni, a ƙirga masu wucewa kafin da kuma bayan, sannan a zuba kankare. Sau da yawa ma abin da ake buƙata bai kai rufewa ba: a faɗaɗa gefen titi, a rage layukan mota, a sauko da gudu zuwa kilomita 30 a awa, a ƙara lokacin da danja ke ba masu tsallakawa.

Me ya sa ba za a gina gadar sama ta masu tafiya a ƙasa ba, kowa ya huta?

Gadar sama tana hutar da direba ne, ta ɗora wahalar a kan tsoho da mai juna biyu da mai ɗauke da kaya, waɗanda za su hau matakala masu yawa su sauko domin tsallaka faɗin da bai wuce taku ashirin ba. Da yawa ba za su hau ba, za su ratsa ta ƙasa, a titin da direbobi suka ƙara gudu saboda sun ɗauka babu kowa. Gadar da ke haɗa wurin ajiye motoci da hawa na biyu na kantuna kuwa tana ɗauke masu saye daga titi baki ɗaya. In ban da inda ake tsallaka layin dogo ko babbar hanya ta gaske, tsallakawa a ƙasa, a wuri mai faɗi da haske kuma daidai inda mutane ke son bi, ita ta fi.

Ina za a kai motocin masu saye?

A ƙarƙashin ƙasa, ko a bene da aka kewaye hawansa na ƙasa da shaguna, kuma mashigarsa kada ta yanke hanyar da ta fi cika da masu tafiya. Yawan gurabe ma abin lura ne, domin kowane gurbi gayyata ce ga mota guda ta shigo tsakiyar birni. Tashar bas da wurin tsayawar tasi da na ɗaure kekuna ya kamata su fi wurin ajiye motoci kusa da babbar ƙofa.

Wa zai biya kuɗin gyaran?

Hanyoyin da aka sani uku ne, kuma akan haɗa su. Ta farko ita ce a ɗaura gyaran a jikin izinin gini. A Ingila sashe na 106 na dokar tsara birane ta 1990 ya ba hukumomin yanki damar ƙulla yarjejeniya da mai gini, ya yi wasu ayyuka ko ya biya kuɗinsu domin rage nauyin da gininsa zai jawo. Ta biyu ita ce musaya: New York, a dokarta ta 1961, ta ƙyale mai gini ya ƙara hawa fiye da ƙa'ida idan ya bar dandali ga jama'a a ƙasa, kuma ta wannan hanya birnin ya sami filaye fiye da 500. Ta uku ita ce 'yan kasuwar yanki su amince da wani ƙarin haraji da za a kashe a titunansu kawai, tsarin da ya faro daga unguwar Bloor West Village ta Toronto a 1970.

Ko wace hanya aka bi, abin da ya fi adadin kuɗin muhimmanci shi ne lokacin biya. Idan aka bar gyaran dandali a matsayin zango na ƙarshe, to zai zo ne bayan an buɗe shaguna, kuɗi sun ƙare, 'yan kwangila sun kwashe kayansu, hukuma kuma ba ta da sauran abin riƙewa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Yarjejeniya mai ƙarfi tana cewa ba za a ba da izinin buɗe shaguna ba sai an kammala ayyukan waje da aka lissafa, ko kuma a ajiye kuɗinsu a asusun da mai gini ba zai iya taɓawa ba. Haka nan dole a faɗi wanda zai riƙa shara da ban ruwa da canza fitilar da ta mutu, da inda kuɗin zai fito, na shekaru masu yawa, domin maɓuɓɓugar ruwa ta ado da ta ƙafe ta cika da leda ta fi rashinta muni.

Idan kamfani ne ya gina dandalin, na jama'a ne ko nasa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace nauyi, kuma ita aka fi mantawa da ita har sai rigima ta taso. Fili yana iya kama da titin gwamnati ta kowace fuska alhali mallakin kamfani ne, masu gadinsa kuma su ke yanke wanda zai zauna, da wanda zai ɗauki hoto, da wanda zai raba takarda. Rukunin kantuna na Liverpool ONE, da aka buɗe a 2008 a kan eka 42 na tsakiyar Liverpool ta Ingila, ana yaba masa saboda buɗaɗɗun tituna ne ba rufaffen akwati ba, kuma ya sake haɗa tsakiyar birnin da bakin ruwa, amma majalisar birnin ta ba kamfanin da ya gina shi hayar filin na shekara 250, titunan kuma suna ƙarƙashin kulawar kamfanin.

Kotuna sun sha bamban a kan lamarin. A 1980 Kotun Ƙolin Amurka ta amince cewa jihar California na da ikon kare 'yancin wasu ɗalibai na tattara sa hannu a cikin cibiyar kantuna ta Pruneyard, duk da cewa ta kamfani ce. A 2003 kuwa Kotun Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Turai ta duba ƙarar wasu mazauna garin Washington da ke arewa maso gabashin Ingila, waɗanda aka hana su tattara sa hannu a cibiyar kantunan da ta zama ita ce tsakiyar garinsu, ta yanke cewa ba a tauye musu haƙƙi ba tun da suna da wasu hanyoyin isar da saƙonsu. Darasin da hukumar birni za ta ɗauka shi ne kada ta dogara ga kotu daga baya. Manyan hanyoyi su ci gaba da zama mallakin jama'a, inda kuma hakan bai yiwu ba a rubuta haƙƙin wucewa da zama da taruwa cikin takardun filin, a kafa allo a wurin da ke bayyana sa'o'in buɗewa da abin da aka yarda da shi, domin mai gadi da mai wucewa su karanta abu ɗaya.

Me ke sa wani dandali ya cika da mutane wani kuma ya zama kufai?

A shekarun 1970 William H. Whyte, mai nazarin rayuwar birane ɗan Amurka, ya kafa kyamarori a saman gine-ginen New York yana kallon yadda mutane ke amfani da filayen da dokar 1961 ta samar, ya tarar da yawansu babu kowa a cikinsu. Abin da ya gano mai sauƙi ne: mutane suna zama inda akwai wurin zama. Faɗin fili da kyan dutsen da aka shimfiɗa ba su ne ma'auni ba. Dakalin da aka yi shi da tsayi daidai zama, da matakala masu faɗi, da kujerun da mutum zai iya ja zuwa inuwa ko kusa da abokinsa, da mai sayar da abin sha a kusurwa, da kusanci da titi ta yadda mai wucewa zai ratse ba tare da ya yi shawara ba, su ne ke cika wuri. Filin da aka nutsar ƙasa da titi ko aka ɗaga sama da shi yakan zauna wayam. Binciken nasa ya sa birnin ya gyara dokar a 1975, ya wajabta wurin zama da bishiyoyi.

Bishiya kuwa tana da nata sharaɗin. Wadda aka dasa a ramin da bai fi mita ɗaya ba, kankare ya kewaye ta, ƙasar ƙarƙashinta an daddanne ta da injin, ba za ta taɓa yin inuwar da aka zana mata a hoto ba. Za ta tsaya tsangalgal na 'yan shekaru ta bushe. Saiwa tana buƙatar sarari da iska a ƙarƙashin daɓen. Stockholm ta yi suna da hanyar da take bi, inda ake cika dogon rami da fasassun duwatsu da gawayi a ƙarƙashin gefen titi, a karkato ruwan sama ya shiga ciki, bishiya ta sha, magudana kuma ta sami sauƙi. Idan akwai manyan bishiyoyi a wurin tun asali, barinsu ya fi dasa sababbi goma.

Yaya za a tabbatar da cewa masu buƙata ta musamman sun amfana?

A gayyace su su bi hanyar da kansu tun tana kan takarda, sannan su sake bi kafin a karɓi aikin daga hannun ɗan kwangila. Gangaren keken guragu bai kamata ya wuce hawan mita 1 a cikin tsawon mita 12 ba, kuma ya kasance a babbar ƙofa tare da kowa, kada a kai shi bayan gini kusa da shara. Bakin titi ya sauko daidai da kwalta a wurin tsallakawa. Tubalan nan masu ƙuraje da makaho ke ji da sandarsa ko tafin ƙafarsa, waɗanda Seiichi Miyake ya ƙirƙiro aka fara shimfiɗa su a Okayama ta Japan a 1967, dole su kai mutum wani wuri, kada su ƙare a jikin turken fitila ko allon talla. Benci mai majingina da madafa a tazara kaɗan-kaɗan, da banɗaki da ake shiga daga waje ba sai an sayi kaya ba, su ne ke ba tsofaffi da iyaye masu ƙananan yara ƙarfin halin fitowa.

Ƙananan 'yan kasuwa da masu kasa kaya a bakin titi fa, korarsu za a yi?

Sau da yawa abin da ake kira tsaftace wuri korar waɗannan mutane ne, kuma wannan asara ce biyu: su sun rasa abin dogaro, titin kuma ya rasa masu raya shi da masu sa masa ido. Durban ta Afirka ta Kudu ta nuna wata hanyar a Warwick Junction, mahaɗar tashoshin jirgi da bas da tasi inda dubban masu ƙananan sana'o'i ke kasuwanci. Tun daga tsakiyar shekarun 1990 ma'aikatan birnin suka zauna da su, aka yi musu rumfuna da teburan kasa kaya da wurin ajiya da ruwa, kowace sana'a gwargwadon buƙatarta. A 2009 aka fito da shirin gina rukunin kantuna a kan tsohuwar kasuwar kayan lambu ta wurin, 'yan kasuwar suka yi tsayin daka har gaban kotu, daga bisani aka janye shirin.

A aikace, ana ƙirga masu sana'ar da ke wurin kafin a fara, a ware musu gurabe a kan hanyar da jama'a ke bi, domin rumfa mai kyau a lungun da ba kowa ba ta da amfani ga mai sayarwa. Lokacin gini ma a kula: shingen kwano da ya toshe gaban shago na shekara biyu ya isa ya karya mai shi kafin ya ga ranar buɗewa, saboda haka a yi aikin kashi-kashi, a bar mashiga da alama ga kowane shago.

Ba za a sami ƙaruwar ɓata-gari ba idan aka buɗe wurin dare da rana?

Wurin da ba kowa shi ne ya fi haɗari. Kyamara tana ɗaukar abin da ya riga ya faru, amma gidajen kwana a saman shaguna, da gidan abinci ko sinima mai ƙofa a kan titi da ke aiki bayan an rufe kantuna, da fitilu marasa tsayi da ke haska fuskar mai tahowa, su ke hana abin faruwa.

Idan kasuwancin ya durƙushe, me zai faru da wurin?

Tambaya ce da ya kamata a yi tun ranar farko, musamman yanzu da sayayya ta intanet ta rage wa manyan kantuna ciniki. A Nottingham ta Ingila ana tsakiyar sabunta cibiyar Broadmarsh, an riga an rushe wani sashe, sai kamfanin intu mai ita ya karye a 2020, wurin ya koma hannun majalisar birni a matsayin kango, a daidai hanyar da ke tsakanin tashar jirgin ƙasa da tsakiyar gari. Da aka nemi ra'ayin mazauna, da yawa suka nemi fili mai ciyayi da bishiyoyi, kuma a 2024 aka buɗe lambu a wani ɓangaren wurin. Ginin da aka yi shi dunƙule guda yakan mutu ne gaba ɗaya. Wanda aka yi shi gida-gida, da tituna na gaske a tsakani, ana iya mayar da wani sashensa ofisoshi ko gidaje ko asibiti ko makaranta, sauran kuma ya ci gaba da aiki.

Ta yaya mazaunin birni zai sa baki, kuma yaushe?

Lokacin da bakinsa zai yi tasiri shi ne kafin a ba da izinin gini, sa'ad da hukumar tsara birane ta baje takardun domin jin ra'ayin jama'a. Ya nemi taswirar hawa na ƙasa, da wadda ke nuna iyakar abin da zai zama na kamfani da abin da zai rage na jama'a, da daftarin yarjejeniyar da ke lissafa ayyukan waje da ranakun kammala su. Ƙorafi a rubuce da ya ambaci wuri takamaimai, kamar a ce hanyar da ke tsakanin tasha da asibiti za ta kasance a kulle daga ƙarfe tara na dare, ya fi a ce ba a son aikin gaba ɗaya, domin jami'in da ke duba takardun zai iya mayar da shi sharaɗi. Ƙungiyoyin mazauna unguwa da na 'yan kasuwa da na direbobi da na masu buƙata ta musamman, idan suka haɗa takarda ɗaya, sun fi samun kunnen majalisa. Bayan an buɗe wurin kuma a riƙe kwafin sharuɗɗan, a koma bayan shekara guda a duba ko ƙofofin da aka yi alkawari suna buɗe, ko bishiyoyin suna raye, ko an cika dandalin da teburan gidajen abinci har babu inda wanda bai saya ba zai zauna, sannan a kai wa hukumar rahoto a rubuce tare da hotuna da lambar sharaɗin da aka saɓa.